Makarantar Japanawa ta kullum ko ta ranar Asabar: wacce ta dace da ɗanka a Landan?

A unguwar Acton da ke yammacin Landan akwai wani tsohon gini da makarantu biyu suke rabawa. Daga Litinin zuwa Juma'a, yaran da ke cikinsa karatun Japan zalla suke yi. Manhaja ta Japan ce, littattafai na Japan ne, malamai da dama daga can aka turo su, kuma shekarar karatu a watan Afrilu take farawa ta ƙare a Maris, kamar yadda ake yi a Tokyo. Ranar Asabar da safe sai wasu yaran daban su cika azuzuwan. Waɗannan makarantun Ingila suke zuwa duk mako, Asabar ce kaɗai ranar da suke zuwa nan su yi Japananci. Ta farkon Japanawa suna ce mata nihonjin gakko, ta biyun kuma hoshuko.

Duk gidan da ke da yaro mai jinin Japan a Landan sai ya tsaya a gaban wannan zaɓi. Mafi yawansu ma'aikatan kamfanoni ne da aka turo na 'yan shekaru. Amma akwai gidajen auratayya, har da 'yan Afirka da suka zauna a Japan suka yi aure a can, sannan neman abinci ya kawo su Ingila. Su na fi sa wa a rai da nake wannan rubutu, domin su ne ba su da kamfanin da zai yanke musu shawara. Abin da nake gani shi ne, tambaya ɗaya ce take raba gardamar: ina yaron nan zai kasance ranar da ya cika shekara 15? Son harshen Japan ba ya cikin ma'aunin, tunda makarantun biyu duk saboda shi aka kafa su.

Yadda makarantun suka samo asali

A Landan ta Asabar ce yaya. A 1965 ƙungiyar Japanawa mazauna birnin, Nippon Club, ta fara tara yara ana koya musu harshensu a ɗakunan aro na wata makarantar 'yan ɗariƙar Katolika. Sai a 1976 aka buɗe ta kullum, da ɗalibai da ba su kai 100 ba. Ta koma Camden, wurin ya yi mata kaɗan, a 1987 ta tare a Acton. Wannan shekarar ba haka kawai ta zo ba. Bayan yarjejeniyar Plaza ta 1985, wadda manyan ƙasashe suka ƙulla kan canjin kuɗi, darajar kuɗin yen na Japan ta tashi sosai, kamfanonin Japan suka bazama kafa masana'antu da ofisoshi a waje. Nissan ta fara haɗa motoci a Sunderland a 1986, bankunan Japan suka cika tsakiyar Landan, kowane ma'aikaci kuma ya zo da matarsa da 'ya'yansa.

Haka abin ya riƙa faruwa a wasu biranen. Washington ta sami makarantar Asabar a 1958. A New York ta ƙarshen mako ta fara a 1962, ta kullum ta biyo baya a 1975, daga bisani ta koma Greenwich a jihar Connecticut a 1992. Chicago ma ta Asabar ta riga, a 1966, ta kullum a 1978. A Dusseldorf ta ƙasar Jamus an buɗe ta kullum a 1971 da yara 43 a ginin wani coci, kafin ta sami nata ginin bayan shekara biyu. Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa ita ce ta Bankok a Tailan: an kafa ta a 1926, ta rufe da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, ta dawo a 1956 a ƙarƙashin inuwar ofishin jakadanci, sannan a 1974 gwamnatin Tailan ta amince da ita a matsayin makaranta mai zaman kanta. A shekarun da ta fi cika, ɗalibanta sun kusa 3,000.

Yau makarantun kullum sun haura 90 a duniya, na Asabar kuma sun haura 200. Yadda suka rarrabu shi kansa darasi ne ga mai zaɓi. A Asiya ta kullum ce ta fi ƙarfi. A Amurka kuwa 'yan kaɗan ne, na Asabar ne birjik, saboda iyaye sun ga cewa idan makarantar unguwa da Turanci take koyarwa, kuma kyauta ce, asara ce a hana yaro ita. Landan tana cikin biranen da hanyoyin biyu duk suke da ƙarfi, shi ya sa zaɓin ya fi wuya a nan.

A Afirka guda uku ne na kullum: Johannesburg, Nairobi da Alƙahira. Legas ma ta taɓa samun tata, ta rufe da ma'aikatan kamfanonin suka ragu. Wannan yana nuna wani abu da ya kamata a riƙe: makarantar kullum ba ta gwamnatin Japan ba ce. Ƙungiyar Japanawan gari da kamfanoninsu ne suke kafa ta, kwamitinsu ke tafiyar da ita, iyaye su biya kuɗi. Gwamnati tana turo malamai, yawanci na shekara biyu zuwa uku, tana ba yara 'yan ƙasa littattafai kyauta, tana tallafawa wajen haya da tsaro. Sai a 2022 ne majalisar Japan ta yi doka ta musamman kan tallafa wa irin waɗannan makarantu. An gina makarantar kullum ne domin yaron da zai koma gida, kuma komai nata a kan haka aka tsara shi.

Inda bambancin ya fi fitowa: rubutu

Wanda bai san rubutun Japan ba zai yi wuya ya gane nauyin wannan batu, don haka bari in ɗan tsaya a kansa. Yaro yana fara da haruffan sauti iri biyu, hiragana da katakana, kowanne harafi 46, ya gama da su a aji ɗaya. Daga nan sai kanji, alamomin da aka aro daga Sin, waɗanda kowanne sai an haddace siffarsa, da jerin yadda ake zana shi, da karatunsa wanda sau da yawa ya fi ɗaya. Aji ɗaya alama 80 ne. Aji biyu 160, aji uku 200, aji huɗu 202, aji biyar 193, aji shida 191. Jimla 1,026 kafin a gama firamare. Wanda yake son karanta jarida kamar kowane baligi kuwa, jerin da gwamnati ta tsayar alama 2,136 ne.

A makarantar kullum, ɗan aji biyu yana samun darasin harshe 315 a shekara, wato tara a mako. Kuma bayan wannan, lissafi da Japananci yake yi, kimiyya da Japananci, faɗan filin wasa ma da Japananci. A ta Asabar, makonnin karatu kusan 40 ne a shekara, kowace Asabar darasi uku ko huɗu. Ko an ba harshe dukkan lokacin, bai wuce darasi 120 zuwa 160 ba. Amma littafin ɗaya ne, kuma ana so a gama shi a shekara ɗaya kamar yadda ake gamawa a Japan. Ina sauran aikin yake tafiya? Gida yake zuwa. Makarantun Asabar ba sa ɓoye wannan, suna da wata magana da suke yawan faɗa wa iyaye: gida shi ne aji na biyu, iyaye su ne malaman aji na biyu. Iyayen kuma sun sa wa daren Juma'a suna, suna ce masa daren bala'i, domin a lokacin ne ake zama da yaron da ya riga ya gaji da aikin makarantar Ingila, a tilasta masa ya gama kwafe kanji da karatun bayyane da rubutun insha'i kafin gari ya waye. Ana kuka a wannan dare, ba yaro kaɗai ba.

Malaman hoshuko sun san inda yara suka fi zubewa, wato wajen aji uku zuwa huɗu. A lokacin ne kalmomin littafi suke barin abin da ake gani da ido su koma na tunani, kanji ya ninka, shi kuma yaro ya fara tambaya me ya sa abokansa suke buga ƙwallo ranar Asabar shi yana aji. A gidan da uwa da uba duka Japanawa ne, ana iya tsallake wannan mataki da ɗan ƙoƙari. A gidan auratayya, inda harshen cin abinci Turanci ne ko Hausa, mutum ɗaya ne zai ɗauki nauyin duka. Idan wannan mutumin yana aikin dare ko yana yawan tafiya, a faɗa wa juna gaskiya tun farko: yaron zai iya magana, zai karanta abu mai sauƙi, amma ba zai yi kafaɗa da ɗan Osaka ba. Ni ban ɗauki wannan a matsayin faɗuwa ba. Matsalar tana zuwa ne idan an sa ran abin da tsarin ba zai iya bayarwa ba, sai a riƙa ganin laifin yaro.

Ita ma ta kullum tana da nata raunin, kuma a harshe ne. Ana koyar da Turanci, har fiye da yadda ake yi a makarantun Japan, da malamai 'yan Ingila. Duk da haka darasi ne kawai a cikin jadawali. Yaro zai iya shekara huɗu a Landan, motar makaranta ko mahaifiyarsa ta kai shi ta dawo da shi, abokansa duka Japanawa, ya koma gida Turancinsa bai wuce na sayen burodi ba. Ga wanda zai koma, da sauƙi. Ga wanda zai zauna a Ingila, babban gibi ne.

Shekara 15

Makarantar kullum ta Acton, kamar kusan dukkan takwarorinta, shekara tara take koyarwa: shida na firamare, uku na ƙaramar sakandare, iyakar karatun dole a Japan ke nan. Ta Shanghai ce ta fita daban da ta buɗe babbar sakandare a 2011. Saboda haka a watan Maris na shekarar karatun da yaro ya cika 15, an gama da shi, sai iyaye su san inda za su kai shi.

Idan Japan zai koma, hanya a share take. Takardarsa daidai take da ta wanda ya gama a cikin ƙasar, yana da rahoton makaranta irin wanda manyan sakandaren Japan suka saba karantawa, malamansa sun san jarrabawar shiga da ake yi tsakanin Janairu da Maris. Wannan shi ne aikin da aka gina makarantar dominsa, kuma tana yin sa yadda ya kamata.

Idan kuwa a Ingila zai ci gaba, a nan ne ake shiga tsaka mai wuya. Karatun GCSE, wato jarrabawar kammala sakandare ta Ingila, na shekara biyu ne, daga shekara 14 zuwa 16, kuma shekarar karatun Ingila a Satumba take farawa. Yaron da ya fito daga Acton a Maris, gwargwadon watan haihuwarsa, ko dai ya tarar an yi nisa a shekarar farko, ko ya tarar saura 'yan makonni a zauna jarrabawar. Zai shiga da Turancin da bai taɓa rubuta tarihi ko kimiyya da shi ba. Yana iya maimaita aji idan an yarda masa, ko a nema masa makarantar kuɗi ta ƙasa da ƙasa. Duk gidan da ya sa yaro a ta kullum alhali ba shi da niyyar komawa Japan, ya kamata ya fitar da shi da wuri, tun kafin shekara 11 da ake shiga sakandare a Ingila, ba sai an kai 15 ba.

Akwai hanya ta uku ga masu hali, makarantun kwana masu zaman kansu da cibiyoyin ilimi na Japan suka buɗe a waje. Rikkyo tana kudancin Ingila tun 1972, tana bin manhajar Japan har ƙarshen sakandare, kuma tana da alaƙa da cocin Angilika. Keio ta buɗe tata a jihar New York a 1990. Da yawa daga cikin irinsu an kafa su ne lokacin da kuɗi ya yi wa Japan yawa, kuma da tattalin arziƙin ya lafa wasu suka rufe, kamar Gyosei ta Milton Keynes da ta buɗe a 1987 ta rufe a 2002.

To yaron Asabar fa, idan daga baya aka ce a koma Japan? Takardar hoshuko ba ta zama shaidar kammala karatu, takardar makarantar Ingila ce shaidarsa. Amma ƙofa ba a rufe take ba. Tun shekarun 1960 Japan ta fara yi wa yaran da suka dawo daga waje tanadi, waɗanda ake kira kikokushijo. Babbar sakandaren ICU da aka buɗe a Tokyo a 1978 yawancin kujerunta nasu ne, Doshisha ta buɗe irinta a yankin Kyoto a 1980, jami'o'i da dama kuma suna da jarrabawar shiga ta daban dominsu. Da can ana yi wa waɗannan yara kallon masu tawaya da ake buƙatar gyarawa. Yanzu Turancinsu jari ne. Sai dai kowace makaranta tana da sharaɗinta kan yawan shekarun da aka yi a waje da kuma tsawon lokacin da aka yi da dawowa, don haka a duba sharaɗin tun kafin a sayi tikiti. Gidauniyar JOES, wadda aka kafa a 1971 domin irin waɗannan iyalai, tana ba da shawara a kan haka, tana kuma da karatun nesa ga wanda garinsa ba shi da makaranta ko ɗaya.

Kuɗi, abinci da addini

Batun kuɗi gajere ne. Makarantar gwamnati a Ingila kyauta ce, kuɗin ta Asabar kuma kaɗan ne idan aka kwatanta. Ta kullum a idon dokar Ingila makarantar kuɗi ce, kuma tun Janairun 2025 gwamnati ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan kuɗin irin waɗannan makarantu. Ma'aikacin da aka turo, sau da yawa kamfaninsa ne ke biya. Kai da ke biya daga aljihunka, ka haɗa da kuɗin hayar gida a yammacin Landan ko na zirga-zirga kullum zuwa Acton. Ta Asabar tana da rassa, har da na Croydon a kudu, amma tana cin lokacin iyaye: gadin ƙofa, kula da ɗakin karatu, shirya bukukuwa, duk bi da bi ake yi.

Ga gidan Musulmi akwai abubuwan da ba a rubuta su a takardar talla. A makarantun Japanawa na waje galibi yaro daga gida yake zuwa da abincinsa a ɗan akwati, wanda ya sauƙaƙa batun halal. Manhajar Japan ba ta da darasin addini, sai darasin tarbiyya. Yara su suke share ajinsu da kansu, kuma wannan ɗabi'a ce da nake jin kowane uba zai so ɗansa ya tashi da ita. Makarantun gwamnatin Ingila suna da darasin addinai da taron addu'a na kullum bisa doka, iyaye kuma suna da ikon cire ɗansu. A ɗaya ɓangaren, a makarantar unguwa a Landan da wuya yaronka ya zama shi kaɗai ne Musulmi ko shi kaɗai ne baƙar fata, abin da ke iya faruwa a ajin da kusan kowa iyayensa biyu Japanawa ne. Kafin ka yanke, ka je ka ga ajin da idonka, ka tambayi yara nawa ne 'ya'yan auratayya.

Sannan ga Asabar ɗin kanta. Tsarin hoshuko ba baƙo ba ne gare mu, shi ne dai na yaron da ke zuwa boko duk mako sannan ya tafi Islamiyya a ƙarshen mako. To a Landan, yawancin darussan Alƙur'ani na yara ko da yamma ake yin su ko a ƙarshen mako. Gidan da yake son duka biyun zai tarar yaro ɗan shekara takwas ba shi da ranar hutu ko ɗaya, yana fama da rubutu iri uku: boko, kanji da Larabci. Ana iya yi, amma sai an rage wani abu da gangan, kuma gara uwa da uba su zauna su zaɓi abin da za a rage da a bar shi ya faɗi da kansa.

Wanne za a ɗauka

Idan zaman Landan shekara biyu ne ko uku, kuma komawa Japan tabbas ce, musamman idan yaron ya riga ya kai aji huɗu ko sama, ta kullum nake ba da shawara ba tare da kokwanto ba. Yaron da ya zo da shekara 12 ba ya jin Turanci, aka jefa shi sakandaren Ingila, zai ɓata rabin zaman yana laluben harshe, ya koma gida ya tarar an wuce shi a kanji da lissafi daidai lokacin jarrabawa.

Idan yaron ƙarami ne, ɗan shekara biyar ko shida, kuma zaman zai kai shekara biyar ko fiye, makarantar unguwa da ta Asabar sun fi. A wannan shekarun kunne yana ɗaukar Turanci da sauri, kanjin aji ɗaya da biyu kuma ba su fi ƙarfin gida ba. Wasu iyalai suna farawa a haka, sai su mayar da yaro ta kullum shekara ɗaya ko biyu kafin komawa, kuma dabara ce mai kyau muddin Japanancinsa ya kai a karɓe shi, domin makarantar tana duba ko zai iya bin darasi.

Gidan auratayya da ya san Ingila ce mazauninsa, ta Asabar ce tasa. Sharaɗin dai shi ne wanda na ambata, a sami mai zama da yaro kowane dare na minti 20 ko 30, ba daren Juma'a kaɗai ba. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne gidan da bai sani ba, yau a ce za a koma Nagoya, gobe a ce za a zauna. Ga irin wannan gida ma ta Asabar ce ta fi, saboda ita ce ta bar ƙofofin biyu a buɗe: daga makarantar Ingila ana iya shiga Japan ta hanyar kikokushijo, amma daga Acton shiga GCSE da shekara 15 ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Abu ɗaya kuma ya riga duk wannan, kuma a asibitin haihuwa yake farawa. Tun 1985 yaro yana gadon zama ɗan ƙasar Japan ta wajen uwa kamar yadda yake gada ta wajen uba. Amma idan a waje aka haife shi kuma yana da wata ƙasar, dole a kai rahoton haihuwarsa ofishin jakadancin Japan cikin wata uku, a rubuta cewa ana riƙe masa ƙasar. Idan wa'adin ya wuce, ya rasa ta, kuma dawo da ita sai ya je ya zauna a Japan tun yana ƙarami. Littattafan kyauta na 'yan ƙasa ne, kuma ga yaron da ba ya cikin ko wace makarantar Japanawa, iyaye ne za su nema da kansu ta ofishin jakadanci, watanni kafin zangon Afrilu.